Birkin Bagin Maƙabarta

Ban taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ta ƙarshen hunturu ba, ranar da ogana, Mista Graham, ya kira ni ofis tun kafin in saka rigar aiki. Lokacin garejinmu yana tsohon wurinsa a unguwar Aston ta Birmingham, bayan layin dogo, kuma ni ne makanikin waje, wato wanda ake ba motar kamfani ya je inda abu ya lalace ya gyara a can. Ga wanda bai san aikinmu ba, bagi muke gyarawa, ƙananan motocin nan masu batir da 'yan wasan golf ke yawo da su. Ba filin golf kaɗai ke amfani da su ba. Asibitoci na da su, manyan sito na da su, har maƙabartu.

Mista Graham mutum ne mai barkwanci, amma ran nan fuskarsa ba wasa. Ya ce akwai aiki a wata maƙabarta a bayan garin Manchester, an yi haɗari ranar Juma'a, mutum biyu sun ji ciwo. Ya ce, "Tasi'u, kada ka taɓa ko noti ɗaya sai jami'ar council, wato ƙaramar hukuma, mai binciken haɗari ta iso. Abin da ta tambaye ka shi za ka amsa. Kuma ina jin mutanen naku ne, shi ya sa na zaɓe ka."

Na kama hanya ana yayyafi, na isa wajen hantsi. Mai kula da maƙabartar, wani dattijo ɗan Pakistan, ya tarye ni a ƙofa, kuma shi ya ba ni labarin muna tsaye a bakin rumfar da aka kulle bagin.

Wurin a jikin tudu yake. Tsofaffin kaburbura suna ƙasa, sababbi suna can sama, hanya ɗaya ce mai kwalta take hawa. Da kwamitin maƙabartar ya ga tsofaffi ba sa iya hawa, sai ya sayo bagi ta hannu daga wani filin golf. Wanda ke tuƙa ta shi ne Baba Alhasan, mutumin Kumasi mazaunin unguwar Cheetham Hill ta Manchester, wanda ya yi ritaya daga tuƙin bas. Ba a biyansa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo ya yi ta kai mutane sama yana sauko da su har la'asar.

Juma'ar nan sai aka zo da wata tsohuwa, Hajiya Inna, daga Katsina. Ɗanta injiniya ne a nan, ya rasu, aka binne shi kafin ta sami biza. Ta zo ne ta ga inda aka kwantar da shi, surukarta na rakiyarta. Baba Alhasan ya ɗauke su ya hau da su. Ya tsaya a daidai layin kabarin, ya kashe motar, surukar ta sauka ta yi gaba. Shi kuma ya zagaya baya don ya ɗauko wa Hajiya sandarta. Kafin ya miƙa mata, bagi ta fara silalowa da baya, tsohuwa na zaune a ciki. Ya cafki ƙarfen rufin, ta ja shi a ƙasa har kafaɗarsa ta goce. Ta gangara ta bugi dakalin gefen hanya ta kife. Hajiya ta karye a ƙugu. Daga nan aka wuce da ita asibiti, ba ta taka ta isa kabarin ba.

Bari in bayyana yadda birkin yake, domin duk maganar a kansa take. Irin wannan bagi ba ta da birkin hannu. Feda biyu ne a ƙasa, totur da birki. A saman fedar birki akwai wani ɗan kai daban. In ka tsaya, sai ka danna wannan kan da ƙarfi, ka ji ya yi ƙas. Wannan ƙarar ta wata ƙugiyar ƙarfe ce da ke faɗawa cikin haƙoran wani ƙarfe a ƙarƙashin dandamalin da ake ɗora ƙafa, ta riƙe fedar a danne. In za ka tashi, da ka taɓa totur ƙugiyar ta saki. Ke nan duk nauyin mota da na mutanen ciki a kan bakin ƙugiyar nan yake, wanda faɗinsa bai kai farcen babban yatsa ba.

Jami'ar ta iso da kyamara da jakunkunan leda. Mace ce marar yawan magana, kuma ta san aikinta. Ƙa'ida ita ce a ɗauki hoton komai kafin a taɓa, sannan a gwada motar yadda take, sannan a kwance. Na danna birki a kan daɓen rumfar, ya yi ƙas, ya kama. Na tura motar da kafaɗa, ba ta motsa ba. Muka fita da ita, na ɗaure ta da igiya a jikin motar kamfani, muka hau har inda abin ya faru. Alamar taya na nan a kan ciyawa. Na ɗora buhunan yashi a kujera madadin mutum, na danna, ya riƙe. Na sake, na ƙara dannawa, ya riƙe. Sai na dafa rufin na ɗan girgiza, kamar yadda mota ke motsawa in mutum ya gyara zama zai sauka. Feda ta yi tsalle ta dawo sama da kanta. Bagi ta silala har igiya ta miƙe. Mai kula da wurin ya ce innalillahi, ya juya baya.

Na sake gwadawa, na girgiza fiye da na farko, wannan karon ya riƙe. Haka ya yi ta yi mana, wani lokaci ya kama, wani lokaci ya saki.

A rumfa na yaye robar dandamali, na kwance farantin ƙasa. Taɓo ya cika wurin ya bushe, ga gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara ya ci komai. Sifirin da ke jan ƙugiya ya yi tsatsa, ba sauran ƙarfi a jikinsa. Bakin ƙugiyar ya gulgule ya zama kamar bakin tsohon cokali. Sandar da fedar ke juyawa a kai tana lilo a cikin mazauninta. Babu wanda ya yi wa motar mugunta, tsufa ne da rashin dubawa. A filin golf ƙila ta ƙara shekaru a haka ba wanda ya sani, domin can a shimfiɗaɗɗen wuri ake ajiye ta.

Jami'ar ta ce, "Za ka iya cewa wannan ne ya faru ranar Juma'a?"

Na ce zan iya cewa yana iya faruwa, tunda mun gani da idonmu. Amma in direba bai danna birkin ba gaba ɗaya, motar haka za ta gangara, kuma haka za a tarar da fedar a sama. Ƙarfen ba ya nuna wanne ne. Ta rubuta, ta zuba ƙugiya da sifirin da haƙoran a leda, ta ce in kayan gyara sun zo ina iya gyarawa.

Ina wanke hannu sai na ga wata mata tsaye a bakin rumfa da rigar masu aikin kula da tsofaffi a ƙarƙashin kwat ɗinta. Ta yi sallama, ta gaishe ni da Hausa, irin Hausar yaran da suka tashi a nan. Ta ce sunanta Rabi, ita ce 'yar Baba Alhasan, an gaya mata makanikin Bahaushe ne.

Ta ce, "Uncle, Baba ba ya cin abinci. Ko masallaci ya daina zuwa. Police sun tambaye shi ko ya danna birki, ya ce bai sani ba. Ya kasa tunawa. Kullum yana zaune yana cewa shi ya jefar da uwar mutane." Ta share ido da bayan hannu. "An ce ka ga birkin ya lalace. Please, ka zo ka gaya masa motar ce. Daga bakinka zai yarda, mu ba ya jin maganarmu."

Na ce mata zan dawo in kaya sun iso, kuma zan zo in gaishe shi. Ban ce komai a kan abin da zan faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da na gaya wa Mista Graham, sai ya ce lokacin da na tashi aiki nawa ne, in je inda nake so, amma kada in faɗi abin da ban faɗa wa jami'ar ba.

Kafin kayan su zo, Hajiya Inna ta rasu a asibiti. An yi mata aiki, ciwon ƙirji ya shiga, jikin tsufa bai ɗauka ba. Kuma saboda mutuwar ta biyo bayan haɗari, ba a saki gawar nan da nan ba, sai da aka yi binciken da doka ta tanada. Kun san yadda wannan ke yi wa mutanenmu nauyi, gawa na ajiye ana jira.

Ranar Alhamis na koma da kaya. Ban tsaya canza ƙugiya kaɗai ba, na cire fedojin biyu da gidansu gaba ɗaya na saka sabo. Na canza wayoyin birki guda biyu da ke tafiya zuwa tayoyin baya, domin ɗaya ta fara tsinkewa daga ciki. Na buɗe tayoyin na wanke, na daidaita yadda duka biyun za su kama lokaci ɗaya, na daidaita sandar da ke sa totur ya saki ƙugiya, don kada ɗan taɓawa kaɗan ya sake ta. Na shafa giris, na rufe. Na hau tudu da buhunan yashi da igiya, na girgiza motar har hannuna ya gaji. Ba ta motsa ba. Aiki ne mai sauƙi, wanda duk wanda ke cikinku, ku makanikai, zai gama kafin azahar. Ina kallon sabon ƙarfen yana ƙyalli, ina tunanin wannan ɗan abin da ke shiga tafin hannu shi ne aka rasa.

Bayan la'asar na nufi Cheetham Hill. Flat ɗin nasu, wato sashen gidan da suke zaune, yana bene na biyu a bayan wasu sito na 'yan sari, ana jin wucewar taram, jirgin ƙasan cikin gari, ta taga. Baba Alhasan na zaune a kujera, hannunsa na dama a rataye a wuya, carbi a na hagu. Dogon mutum ne, amma ya rame har rigar ta yi masa yawa. Abinci na kan tebur a rufe, ba a taɓa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa jaje, na yi masa ta'aziyya. Ya tambaye ni daga ina, na ce Kano. Ya ce kakansa ma daga can ya tafi Kumasi fataucin goro bai koma ba.

Rabi ta kawo shayi ta tsaya a bayan kujerarsa, inda ba ya ganinta, tana kallona.

Ya ce, "Malam, an ce kai ka buɗe motar. Ni direba ne. Ka yi mini magana yadda makaniki ke yi wa direba."

Na fito da waya na nuna masa hotunan da na ɗauka. Ya saka tabarau ya daɗe yana kallon ƙugiyar. Na bayyana masa komai, tsatsar, sifirin, da yadda feda ta yi tsalle a gaban jami'a. Na ce, "Baba, birkin nan ko ka danna shi har ya yi ƙara, yana iya sakin kansa. Na gani da idona. Motar nan ba ta cancanci hawa tudu ba tun kafin ranar."

Rabi ta ce, "Ka ji ko, Baba? Motar ce."

Bai waiwaye ta ba. Ya ce, "Kullum yake saki?"

Na ce, "A'a. Wani lokaci yana riƙewa."

"To, in ban danna ba fa? Da ka buɗe, akwai abin da zai nuna maka na danna ko ban danna ba?"

Rabi tana gyaɗa mini kai, leɓenta na motsi. Kalma ɗaya ake so in faɗa. Da na ce akwai, na ga alama, ka danna, ba wanda zai ƙaryata ni a ɗakin nan. Na kalli abincin da ke rufe, na kalli wuyansa da ya zama ƙashi. Wallahi bakina ya buɗe da niyyar faɗa. Amma na san za a kira ni in ba da shaida bisa rantsuwa, shi kuma zai zauna a wurin ya ji na faɗi wani abu daban. In haka ta faru, har gaskiyar da na gaya masa game da ƙugiyar zai daina yarda da ita. Kuma mutumin ya tambaye ni ne ido cikin ido.

Na ce, "Babu, Baba. Ƙarfen ba ya nunawa."

Taram ya wuce a waje. Baba ya ajiye wayar a cinyarsa.

"Ke nan ba ka sani ba."

"Ban sani ba. Allah kaɗai ya sani."

Ya ce tun ranar yake neman ƙarar nan a kansa. Yana tuna kalar mayafin Hajiya, yana tuna ta ce masa sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ka masu yi maka. Yana tuna sanyin ƙarfen sandarta a hannunsa. Amma ƙas ɗin, ya nema ya rasa.

Na ce masa abin da na yi imani da shi, kuma har yau ina kai. Na ce mutumin da ya shekara da shekaru yana tuƙin bas, ƙafarsa da hannunsa ke yin wannan aikin ba tare da sun shawarci kansa ba. Na tambaye shi ko yana tuna ranar da ya ja birkin bas a cikin dubban ranakun da ya ja. Ya ce a'a. Na ce to rashin tunawa ba shaida ba ce a kanka, kuma in aka ce in zaɓa, zan ce ka danna. Ya ce, "Amma zato ne." Na ce zato ne.

Ya miƙo mini wayar, ya ce, "Na gode, Malam. Allah ya yi albarka." Ya juya fuskarsa wajen taga. Na gane an sallame ni.

Rabi ta biyo ni har bakin matakala. Ta rage murya don kada ya ji. Ta ce, "One word, Uncle. Me zai rage ka da shi? Kai za ka koma Birmingham, mu za ka bari da shi a haka." Na fara ba ta haƙuri, ta shiga ta rufe ƙofa.

An binne Hajiya Inna a makon da ya biyo baya, kusa da ɗanta. Bayan wasu watanni aka zauna sauraron bincike, na je na faɗi abin da na faɗa wa jami'ar ba ƙari ba ragi. Baba Alhasan na zaune a layin gaba da babbar riga. Aka yanke cewa haɗari ne, aka ambaci lalacewar birkin, ba a tuhume shi da komai ba. Aka umarci kwamitin ya riƙa kai motar dubawa. Na ji labarin dangin Hajiya sun je har gida sun ce masa ba su riƙe shi da komai ba, ƙaddara ce. Ya yi musu godiya. Bai sake komawa maƙabartar ba, kuma ya mayar da lasin ɗinsa na tuƙi da kansa, ba wanda ya ce ya mayar.

Na sake ganin Rabi sau ɗaya, bayan 'yan shekaru, a wani ɗaurin aure a unguwar Rusholme ta Manchester. Ita ta gane ni. Ta gaishe ni gaisuwa ta mutunci, ba fara'a. Na tambayi Baba. Ta ce yana nan, ya koma cin abinci, yana zuwa masallaci in an raka shi. Ta ce amma in yana zaune shiru, sai ka ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasa, ta ɗaga, ta sake dannawa, shi bai ma san yana yi ba. Jikokinsa sun ɗauka wasa ne, suna kwaikwayonsa. Ta ce, "Har yanzu ina ganin da ka faɗa masa kawai." Na ce na sani. Aka kira ta daga ciki, ta tafi.

Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, abu biyu nake so ku ɗauka. Na farko mai sauƙi ne. Birkin tsayawa ba a gwada shi a daɓen gareji. Ku kai motar gangare, ku ɗora mata nauyi, ku girgiza ta, kuma duk bagin da ta zo muku ko da gyaran fitila ne ya kawo ta, ku yaye robar ƙasa ku dubi ƙugiyar. Masu ita ba za su ce ku duba ba, domin ba su san tana wurin ba.

Na biyu ya fi wuya. In abu ya lalace ya cuci mutum, waɗanda za su zo muku ba gyara suke nema ba. Wani yana so ku ce laifin wane ne, wani yana so ku ce ba laifinsa ba ne, kuma galibi mutanen kirki ne da zuciyarsu ta karye. Za su yarda da ku saboda hannunku ne ya shiga cikin ƙarfen. Ku faɗi duk abin da kuka gani, kada ku rage ko kaɗan, ku faɗa da tausayi. Inda ganinku ya ƙare, ku tsaya a nan. Kada ku sa ran za a gode muku, ko ku ji daɗi a ranku bayan kun fito. Ni na sauko matakalar gidan nan na zauna a mota na daɗe ban iya tayar da ita ba. Da za a mayar da ni ɗakin yau, Baba Alhasan ya sake yi mini tambayar, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi, kuma na san Rabi za ta sake rufe ƙofar.